An kwantar da Yayana kwana guda kan ciwon ƙirji, da safe aka ce ba a ga komai ba

Sani Mile 12: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin harkar asibiti ku warware min wannan. Shekaranjiya bayan la'asar Yayana ya gama lissafin albasar da aka sauke, ya tashi zai haura gadar masu ƙafa, sai ya tsaya a tsakiyar matakala ya dafe ƙirji. Ya ce ji yake kamar an aza masa buhu, ga zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Da ya zauna kamar minti 10 abin ya lafa. Shi cewa yake ƙwannafi ne, ni na matsa muka tafi wani asibitin kuɗi. Muna isa wajen magariba suka manna masa wayoyi a ƙirji, takarda ta fito, suka ɗibi jini, aka ce mu jira. Wajen ƙarfe 10 na dare suka sake ɗibar jini, suka sake manna wayoyin. Da safe likita ya ce babu alamar bugun zuciya, ya rubuta magani, ya ce mu dawo a yi wani gwajin. To idan tun farko ba su ga komai ba, me ya sa aka ba shi gado? Kuma me ya sa muka biya kuɗin gwaji ɗaya har sau biyu? Raina ya ɓaci ƙwarai.

Alhaji Garba Agege: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara masa lafiya. Sani, shekarata 31 a garin nan na Legas, kuma na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. In suka ga ɗan kasuwa ne sai gwaji ya yi ta haihuwa. Ban ce duka haka suke ba, amma a riƙa tambaya kafin a biya.

Auwalu mai shayi: Allah ya sawwaƙe. Ni in ya taso min jar kanwa nake jiƙawa in sha, nan take ya kwanta. Yawancin ciwon ƙirjinmu olsa ce, ga yaji ga rashin cin abinci a kan lokaci.

Maman Hanifa: Malam Auwalu don girman Allah kada ka ba mutane wannan shawarar. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekaru a sashen gaggawa. Mutumin da ciwo ya kama shi yana hawan matakala, ya yi zufa, ya lafa da ya zauna, ba kanwa ake ba shi ba. Sani, shekarun Yaya nawa? Yana da hawan jini ko suga? Yana shan taba?

Sani Mile 12: Shekararsa 54. Yana da hawan jini, amma tun bayan Babbar Sallah ya daina shan maganin, ya ce ya ji sauƙi. Taba kuma yana sha, ko da yake ya rage.

Maman Hanifa: To wallahi da a hannuna ya faɗo, ni ma ba zan bari ya tafi a daren ba.

Alhaji Garba Agege: Hajiya, ku ma'aikata dama ba za ku ga laifin juna ba. Tambayar yaron nan a fili take. An gwada jini, an ce lafiya. Jinin ya canza ne cikin awa 4?

Dakta Nura: Assalamu alaikum. Alhaji, ranka ya daɗe, amsar tambayar taku ita ce e, yana canzawa, kuma dalilin kwantar da shi ke nan. Bari in yi bayani, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Zuciya tsoka ce, kuma tana da nata jijiyoyin da ke kai mata jini. Idan ɗaya ta toshe, naman da take shayarwa zai fara mutuwa. In ya fara mutuwa yakan saki wani sinadari cikin jini, sunansa tirofonin. Shi ake nema a gwajin da aka yi wa Yayan Sani. Matsalar ita ce ba ya bayyana nan take. Yakan ɗauki awa 2 zuwa 3 kafin ya fara hawa, a wasu ma ya fi haka, ya kai ƙololuwa wajen kwana guda, sannan ya zauna a jini har mako 1 zuwa 2. Sani ya ce ciwon ya fara bayan la'asar, suka isa asibiti wajen magariba. Jinin da aka ɗiba a lokacin zai iya fitowa fes ko da zuciyar ta riga ta ji rauni. Shi ya sa ake maimaitawa. Da tsohon nau'in gwajin ana jira awa 3 zuwa 6, da sabon mai saurin ganowa awa 1 zuwa 3. Abin da likita yake kallo shi ne ko adadin ya motsa tsakanin na farko da na biyu. Gwaji ɗaya tilo da aka yi da wuri ba ya wanke mutum.

Haka takardar nan ta wayoyi, wato ECG. Ƙa'ida ita ce a yi ta cikin minti 10 da isowar mai ciwon ƙirji, tun kafin a gama maganar kati. Amma abin da take nunawa shi ne halin da zuciya ke ciki a daidai wannan lokacin. Mutum zai iya zuwa ciwon ya lafa, takarda ta fito lafiya, bayan awa guda jijiyar ta rufe gaba ɗaya. In yana kan gado an maƙala masa na'ura za a gani. In yana cikin danfo a kan titin Ikorodu fa?

Hajiya Rabi Obalende: Dakta ka taɓo min inda yake min ciwo. Maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara 3 ke nan. Yana da suga. Daren da abin ya faru bai ma ce ƙirjinsa na ciwo ba. Cewa ya yi saman cikinsa na ƙuna, ya yi amai sau biyu, ya ce kafaɗarsa ta yi nauyi. Yaro ya je kemis, aka ce olsa ce, aka ba shi farin maganin nan na ruwa. Ya sha, ya ce ya ɗan ji dama, muka kwanta. Da asuba na tashe shi salla, numfashinsa na fita da ƙyar. Kafin mu samu mota mu kai shi rai ya yi halinsa. Likitan da ya duba shi ya tambaye ni yadda aka yi, da na faɗa masa ya yi shiru, sannan ya ce da alama zuciya ce tun daren. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Sani, da an ce min in biya gwaji sau goma a daren nan, da na sayar da ɗan kunnena na biya.

Malam Isa (mai kula da zaure): Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ƙara miki haƙuri Hajiya.

Alhaji Garba Agege: Allah ya gafarta masa. Hajiya ki yi haƙuri, ban san zancen zai kai nan ba.

Auwalu mai shayi: Amin. Allah ya jiƙansa. Amma Dakta, ta ce ya sha maganin olsa ya ji dama. In zuciya ce ta yaya maganin ciki zai sa ya ji sauƙi?

Dakta Nura: Allah ya jiƙansa, Hajiya. Malam Auwalu, ciwon zuciya kan zo ya lafa da kansa, ya sake dawowa. In ka sha abu a daidai lokacin da zai lafa sai ka ɗauka maganin ne ya yi aiki. Don haka jin sauƙi bayan kanwa ko maganin olsa ba hujja ba ce. Kuma idan ɓangaren ƙasa na zuciya ne ya samu matsala, ciwon kan fito a saman ciki da amai, sak olsa. Masu suga kuma sugan kan lalata musu jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, sai bugun zuciya ya zo musu ba zafi sosai, gajiya kawai, ko zufa, ko haki. Mata da tsofaffi ma sukan zo da irin waɗannan alamun. Kanwar ma a kanta, gishiri ne a cikinta, mai hawan jini ƙara masa take yi.

Sani Mile 12: Na ji wannan Dakta. Amma ai ba kowa ake kwantarwa ba. A gabana wani saurayi ya zo da ciwon ƙirji, ba a yi awa 2 ba aka sallame shi. Shi ne abin da ya sa na ce ko don sun ga Yaya da manyan kaya ne.

Dakta Nura: Ban ga saurayin ba, Yayanka ma ban duba shi ba, don haka abin da zan faɗa a kan bayaninka ne kawai. Akwai ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, an fito da shi a ƙasar Holan a 2008. Ana duba abu biyar: yadda ciwon yake, takardar ECG, shekaru, abubuwan da ke jawo ciwon zuciya, da sakamakon tirofonin. Kowanne ana ba shi maki daga 0 zuwa 2. Wanda ya tashi da 0 zuwa 3 haɗarinsa kaɗan ne, ana iya sallamarsa da wuri. Daga 4 zuwa 6 ana riƙe shi a sa masa ido. Daga 7 zuwa sama kuwa sai a yi da gaske. Yanzu lissafa na Yaya. Shekara 54, maki 1. Hawan jini da taba, maki 1. Nauyi a ƙirji wajen hawan matakala, da zufa, ya lafa da hutu, wannan maki 2 zan ba shi. Ka ga ya kai 4 tun ba a duba takarda ko jini ba. Saurayi ɗan shekara 25 da ciwon ke ƙaruwa in an danna wurin da yatsa, bayan ya kwana yana dako, zai iya tashi da 0.

Maman Hanifa: Kuma mutane su sani, ba bugun zuciya kaɗai muke tsoro ba in an ce ƙirji. Shi ya sa za ka ga mun auna jini a hannu biyu, mun maƙala abu a yatsa don ganin iskar da ke jini, mun tura hoton ƙirji. Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya tana iya tsagewa, musamman ga mai hawan jinin da ba ya shan magani, mai shi zai ce ciwon kamar ana yaga shi har gadon baya. Huhu na iya sacewa. Ga tarin fuka, ga ciwon sanyin haƙarƙari. Mai sikila kuwa in ya ce ƙirji, ga zazzaɓi, ba ma wasa da shi ko kaɗan.

Ɗanladi Direba: Hajiya ni tirela nake ja, Kano zuwa Legas. Wani abokin aikinmu ya sauko daga mota a nan, ƙafarsa ɗaya ta kumbura, washegari ƙirji ya riƙe shi yana haki. Aka ce jini ne ya daskare. Yana da alaƙa da tuƙi?

Maman Hanifa: Sosai ma Malam Ɗanladi. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, wani sa'in ku kwana biyu a hanya ƙafa a lanƙwashe. Jini kan yi guda a jijiyar ƙwauri, gudan ya ɓalle ya bi jini ya je ya toshe huhu. Haka masu bin kaya da ke zaune a kan buhuna tun daga Arewa. In kun tsaya shan mai ku sauko ku taka, ku sha ruwa. Mai jego ma tana cikin wannan haɗarin. Duk matar da ta haihu kwanan nan ta ce ƙirjinta ko numfashinta, kada a ce sanyin wanka ne, a kai ta asibiti. Mu 'yan Arewa an daɗe da sanin cewa zuciyar masu jego kan yi rauni, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kai.

Alhaji Garba Agege: To na karɓi bayanin jini, na fahimta. Amma ina nan a kan bakana ta wani gefen. Duk wannan da Dakta ya rubuta a nan, me ya hana likitan can ya faɗa wa Sani a minti 2? Mutum na zaune a benci tun magariba, ba wanda ya ce masa ga abin da ake jira, sai dai a miƙo masa takardar biya. Ko ni ne zan yi zargi. Sannan yawancin mutanenmu a nan ba Turanci ba Yarbanci, sai ɗan guntun burokin na ciniki.

Dakta Nura: Wannan gaskiya ce Alhaji, ba zan kare mu ba. Haƙƙin majiyyaci ne da danginsa a gaya musu me ake nema da kuma dalilin jira. Rashin bayanin nan yana sa mutane su sa hannu su ɗauke mara lafiyarsu bayan gwajin farko, a ganinsu an gama. Na sha roƙon mutane su ƙara awa 3 kacal. Wasu su yarda, wasu su ce gobe kasuwa.

Hajiya Rabi Obalende: Maganar harshe babba ce. Mu muna cewa "zuciyata na tashi" muna nufin amai, muna cewa "ƙirjina ya riƙe". In mai fassara yaro ne sai ya juya maganar ta koma wani abu daban. Ya kamata a zauren nan a san waɗanda za a iya kira su yi tafinta ko ta waya ne.

Malam Isa (mai kula da zaure): Shawara mai kyau. Wanda zai iya ya yi min magana ta gefe.

Ɗanladi Direba: Dakta, in abin ya kama mutum a gida ko a gareji me za a yi kafin a kai asibiti? Ka san halin hanyar garin nan. In goslo ya kama ka a gadar Third Mainland sai dai addu'a.

Dakta Nura: A zaunar da shi, kada ya yi ta zirga-zirga, kada kuma ya tuƙa kansa. A kira 112 ko 767, lambobin gaggawa ne na jihar Legas kuma kyauta ne. In mota na kusa kada a tsaya jira. Idan ciwon irin na nauyi ne a tsakiyar ƙirji, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ya wuce 'yan mintuna bai saki ba, ana ba babba asfirin miligiram 300 ya tauna. Amma banda wanda asfirin ba ya karɓarsa, ko mai olsar da ke zubar da jini, ko wanda ciwon ke yaga shi zuwa baya.

Sai zaɓen asibiti. A nufi inda ake da ECG da gwajin jini dare da rana. Wanda ke Idi-Araba ko Mushin ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, a ƙofarsa. Na Agege da Ikeja ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, wato LASUTH. Na Mile 12 da Ketu, Babban Asibitin Gbagada bai yi nisa ba. Na Obalende ga Babban Asibitin Legas a cikin tsibiri. Dalilin gaggawar shi ne, in takarda ta nuna jijiya ta rufe ruf, akwai allurar narkar da gudan jini, tana aiki cikin awa 12 da fara ciwo, amma amfaninta ya fi yawa a awannin farko. Akwai kuma aikin zura siririyar roba ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe wurin, wanda ake so a yi cikin minti 90 da isowa, sai dai ba kowane asibiti ke da kayan ba kuma yana da tsada. Naman zuciyar da ya mutu ba ya dawowa.

Auwalu mai shayi: In babu kuɗi a hannu fa? Da yawanmu abin da ke hana mu zuwa ke nan, ba taurin kai ba. Ka je a ce sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka.

Maman Hanifa: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Na san abin da ke rubuce daban, abin da ake gani a ƙofa wani lokacin daban, amma ku san da ita, ku faɗe ta. Sannan akwai inshorar lafiya ta jihar Legas, Ilera Eko, ta duk mazaunin jihar ce, ba a ce sai Bayarabe ba. Mutanenmu ba su cika shiga ba. Ko ba ta ɗauki manyan ayyuka ba, ganin likita da maganin hawan jini na wata-wata ba ƙaramin abu ba ne.

Alhaji Garba Agege: Wannan zan kai ta gaban shugabannin kasuwarmu. Muna tara kuɗin kai gawa gida, ya kamata mu tara na gwaji ma.

Sani Mile 12: Jama'a na gode, jikina ya yi sanyi. Yanzu na ɗauko takardar sallamar. An rubuta a yi masa hoton zuciya, da wani gwajin da aka ce zai yi tafiya a kan inji. Yaya ya ce ba zai koma ba tunda an ce lafiya lau.

Dakta Nura: Ba a ce lafiya lau ba Sani, nan ne mutane ke kuskure. Abin da aka ce shi ne a wannan daren naman zuciyarsa bai mutu ba. Alhamdulillahi. Amma ciwon da ke zuwa da hawan matakala ya tafi da hutu yana nuna wataƙila jijiyar ta ƙuntata, jini na wucewa in yana zaune, ba ya isa in ya yi aiki. Gwajin injin shi ne a sa shi tafiya da wayoyin a jikinsa a ga yadda zuciyar ke yi in an matsa mata. Hoton kuma irin sikanin da ake yi wa masu ciki ne, zai nuna ƙarfin bugawarta, da ko hawan jinin ya sa bangonta ya yi kauri. Ya koma kan maganinsa yau, ba a daina shi don an ji sauƙi. Tabar ma ya ajiye ta gaba ɗaya. Kafin ranar gwajin kada ya ɗauki buhu. In ciwon ya dawo yana zaune, ko ya tashe shi daga barci, ko ya fi na da daɗewa, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma a take ko ƙarfe nawa ne.

Sani Mile 12: Matsalar ni ƙaninsa ne, ba zai ji tawa ba.

Alhaji Garba Agege: Wace rana aka ba ku?

Sani Mile 12: Laraba da safe, Alhaji, ƙarfe 9.

Alhaji Garba Agege: Turo min lambarsa ta gefe. Tare muka zo garin nan da mahaifinku, zan kira shi bayan isha'i. Larabar kuma ka samu wanda zai tsare rumfa, ni zan zo da mota in ɗauke ku ƙarfe 6 kafin hanya ta cushe.

Hajiya Rabi Obalende: Allah ya saka da alheri Alhaji. Sani, ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiyar in akwai, likita ya gani da idonsa.